Kwanakin Da Na Yi Kwance Tsakanin Dabbobin Roba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili da 'yan'uwana masu karatu. A lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, ni ma'aikacin lafiyar bisashe ne a Cadakori, tuzuru da ya haura shekara talatin, ba mata ba ɗa, daga ni sai motona, wato babur, da jakar allurai. Kowa a garin Likita yake ce mini. Ana gaishe ni a hanya, ana kirana idan saniya ta kumbura ko akuya ta kasa haihuwa, amma da za a tara mutanen garin a tambaye su wane ne ni, ban jin akwai wanda zai wuce cewa mutum ne mai shiru. Asalina ɗan Cadawa ne. Mahaifina ya rasu ina ƙaramar lakol, wato firamare, Inna ce ta riƙe ni da noman aya da suyar ƙuli-ƙuli har na kai inda na kai, kuma ni kaɗai Allah ya bar mata. Da in'ina na tashi, mai tsanani, irin wadda kalma takan maƙale a maƙogwaro har jijiyar wuya ta miƙe. Ba zan ce an wulaƙanta ni ba. Mutane dai ba su da haƙurin jira, sai wani ya ƙarasa maka maganar da ka fara, sau da yawa ma ba abin da kake nufi ba, kai kuma ka gyaɗa kai don a wuce wurin. Idan na zauna a fada wurin shan shayi, kafin in harhaɗa abin da zan ce hira ta yi gaba. A hankali na daina zuwa. Aikin bisashe ya yi mini daidai, don saniya ba ta tambayarka komai.

Sha'awar da ta kusa zama ajalina ta faro ne tun ina karatu a Yamai. Wata ranar hutu na shiga gidan adana kayan tarihi, na tarar da ƙasusuwan wata irin dabba an harhaɗa su an tsayar, tsawonta ya fi na babbar mota. Aka ce sunanta dinozor, cikin manyan dabbobin nan da suka rayu a doron ƙasa tun kafin a yi mutum suka ƙare, kuma a hamadar ƙasarmu aka tono ta. Ni da nake koyon ƙashin saniya da na raƙumi sai na tsaya ina bin gaɓoɓin da ido, wannan haƙarƙari ne, wannan ƙugu ne, wannan kuwa ban san me zan kira shi ba. Har mai gadi ya zo ya ce za a rufe ban motsa ba. Na fito ina mamakin girman ikon Allah, na rasa wanda zan gaya wa. Shekaru bayan haka, ina aiki a Cadakori, na shiga Maraɗi sayen magani, na ratsa ta layin 'yan gwanjo inda ake zube kayan wasan yara da ke zuwa cikin dila daga waje. A cikin tsibin motocin roba da 'yan tsana marasa hannu na hango dinozor ɗaya na roba, kore, mai dogon wuya, wani yaro na wata ƙasa ya tauna masa ƙarshen wutsiya. Na saya. Mai kayan ya ce Allah ya raya yara, na ce amin, na saka a jaka ƙarƙashin kwalaben magani kamar wanda ya yi sata.

Daga nan abin ya shiga raina. Duk shigata Maraɗi sai na biya ta layin, har mai kayan ya gane, ya riƙa ware mini duk wanda ya faɗo a sabuwar dila. Na samu mai ƙaho uku, na samu mai faranti-faranti a gadon baya, na samu masu manyan haƙora da 'yan guntayen hannuwa, da masu fiffike kamar jemage. Wanda ya zo a karye in ɗora shi da gam da waya, wanda fentinsa ya goge in sake masa, ina kwaikwayon launin damo da guza da ƙadangaren bango. Daga baya na gano akwai wasu da ba don yara aka yi su ba, suna zuwa cikin kwali gunduwa-gunduwa, ƙashi bayan ƙashi, an rage girman dabbar daidai gwargwado ba tare da an tauye ko gaɓa ɗaya ba, kai za ka zauna ka harhaɗa. Waɗannan su suka gama da ni. Wani direba mai zuwa Yamai yake karɓo mini su a naɗe, yana zaton kayan aiki ne. Ba zan ɓoye muku ba, idan na zauna ina jera ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya har wuyan ya ɗauki lanƙwasarsa, ina jin wata natsuwa da ban taɓa samu a cikin mutane ba. A wurin nan hannuna ba ya in'ina.

Sai dai ina jin kunyar abin, kuma ina tsoro. Ƙato da gemu yana tara kayan wasan yara, wannan kaɗai ya isa abin dariya. Ga kuma maganar mutum-mutumi, wadda ni kaina take yi mini nauyi a zuciya, amma na kasa tambayar kowane malami don kada a ji. Gidan da nake haya yana can ƙarshen gari, bayansa gonaki ne, ɗaki ne ciki da falo. Na mayar da na cikin wurin ajiyarsu, na kafa katakai a bango har kusa da rufi, na toshe tagar da kwali na rufa tabarma a kai. Salla da kwana duk a falo nake yi. Mai gidan wani dattijo ne da nake ce wa Baba, kakanninsa makiyaya ne amma shi noma ya tashi ya tarar. Mutumin kirki ne, yakan biyo da yamma da ƙwaryar nono, ya ce tuzuru ba ya ƙin abin tsami. Kullum a gindin itacen bedi na ƙofar gida nake shimfiɗa masa tabarma. Ko da hadari ya taso ban taɓa ce masa mu shiga ciki ba. Ya lura, sai zuwan nasa ya riƙa raguwa. Haka na yi da abokan aiki, haka na yi da kowa. A gari kuwa aka fara ƙananan maganganu, wai me Likita yake ɓoyewa da taga a toshe ko da zafi, wasu ma suka ce gidan tun asali ba lafiya ba ne. Maganar ta zo kunnena, kuma maimakon ta dame ni sai na ji daɗi, don za ta ƙara nisanta mutane da ƙofata.

A cikin wannan hali Allah ya haɗa ni da wata malamar lakol, wadda mijinta ya rasu, tana zaune wurin gwaggonta. Na je duba musu tunkiya ne muka saba. Ita ce mace ta farko da na ga tana jira in gama maganata komai daɗewa, ba ta kawar da kai, ba ta taimaka mini da kalma. Na riƙa zuwa hira ƙofar gidansu bayan la'asar, har magana ta yi nisa, aka tsayar cewa bayan an cire amfanin gona manya za su shigo. Na gaya mata labarin ƙuruciyata, na gaya mata abubuwan da ko Inna ban gaya wa ba, amma ban taɓa ambata mata ɗakin ciki ba. Wata rana ta tambaye ni me nake yi duk Asabar da Lahadi da ba a ganina, na ce karatu. Nakan ce a raina zan gaya mata idan an ɗaura aure, wani lokaci kuma in ce zan kwashe su in ɓoye kafin ta tare. Waɗanda kawai suka san sirrina wasu mutane ne a wani zaure na intanet, masu irin wannan sha'awa daga ƙasashe daban-daban, muna rubutu da Faransanci. A can ina da baki. Ina tura hoto a yaba, ana tambayata yadda na haɗa wani launi, ana kirana aboki. Ba wanda ya san muryata, ba wanda ya san sunan garin da nake. A lokacin gani nake na samu 'yan'uwa.

Ana tsakiyar damana, hatsi ya fi mutum tsawo, direban nan ya kawo mini kwalin da na daɗe ina jira, mafi girma da na taɓa samu, ƙasusuwan irin mai dogon wuyan da na fara gani a Yamai. Na so in zauna da shi ba mai katse ni. Sai na ɗauki hutu a buro, wato ofishinmu, na ce zan je gida. Na gaya wa Baba zan tafi Cadawa ganin Inna, na gaya wa malamar haka, har ta ba ni saƙon gaisuwa. Inna kuwa na kira ta na ce za mu shiga daji allurar shanu, kada ta damu idan ba ta same ni a salula ba. Na sayi gari da sukari da burodi, na tura moto cikin falo tun da asuba kafin mutane su fito, na saka sakata ta ciki. A takaice, da bakina na gaya wa duk mai iya nemana cewa ba na nan.

Kwanakin farko sun yi mini daɗi ƙwarai, ban ga amfanin musu ba. Sai aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye bai tsaya ba. Da safe na ga rufin ɗakin ciki yana yoyo daidai kan katakon sama, inda na jera waɗanda na fi so. Na ajiye roba a ƙasa tana tarar ruwan, na ɗora kujera a kan tebur na hau don in sauko da su. Ƙafata a jiƙe take. Abin da na sani kawai kujerar ta goce, na kai hannu na kama katakon, ya tsinko ya biyo ni da duk abin da ke kansa, na faɗo da ƙugu a kan bakin teburin sannan na kai ƙasa. Na ji ƙarar a cikin jikina kafin in ji zafin. Da na dawo hayyacina na duba ƙafata ta dama, na ga ta juya waje ta kwanta yadda ƙafa ba ta kwanciya, ta kuma gajarta. Aikina ke nan, ba na bukatar a gaya mini. Saniya idan ta yi irin wannan karaya wuƙa ake nema. Salulata tana falo a kan taga, inda take samun layi. Tsakanina da ita ba nisa, amma teburin ya kife a bakin ƙofar, kuma duk lokacin da na yunƙura in ja jiki sai duniya ta yi baƙi in suma. Na gwada har na daina.

Ban iya ƙirga kwanakin da na yi a wurin ba, don zazzaɓi ya rufe ni, ina farkawa ina komawa. Na yi ihu har muryata ta dushe ta koma nishi. Tagar da na toshe da hannuna ita ta riƙe muryar a ciki. Ina jin salula tana ringi a falo, ta yi ta yi ta tsaya, har ranar da cajinta ya ƙare na daina jin komai. Abinci yana can tare da ita. Abin da ya riƙe raina ruwan yoyon nan ne da ke taruwa a roba, wanda Allah ya sa hannuna yana kaiwa. Da safe ina jiyo amalanke tana wucewa, ina jiyo mata suna tafiya gona suna dariya, ina jiyo kiran salla daga nesa, in dafa ƙasa in yi taimama in yi salla da ido, a cikin ƙazantar da ba zan iya bayyana muku ba. Wani siririn haske yakan shigo ta gefen kwalin taga ya bi ta kan dabbobin da suka warwatse kewaye da ni, wannan a kife, wancan baki buɗe, sabon kuwa da na kusa gamawa ya tarwatse, ƙasusuwansa har ƙarƙashin bayana. Akwai lokacin da na jawo ɗaya na riƙe a ƙirji kamar yaro, ina kuka. Roba ce mai sanyi. Shekarun da na yi ina share musu ƙura, ina gyara musu ƙafa, na hana kowa shigowa saboda su, ga shi ina mutuwa a tsakiyarsu ko ɗaya bai san ina wurin ba. Abin da ya fi ci mini rai ba mutuwar ba ce. Tunanin Inna ne, yadda za a je Cadawa a ce mata wari ne ya nuna inda ɗanta yake, ita kuma tana zaune tana cewa yana daji wurin aiki.

Baba ne Allah ya turo. Da damana yakan koma bukkar gonarsa, amma bayan ruwa mai yawa yakan zagayo ya duba katangar gidan. Ya gaya mini daga baya cewa har ya juya zai tafi sai ya ga ba kwaɗo a ƙofa, ya ce a ransa matafiyi ta waje yake kullewa. Ya tura ya ji sakata ta ciki, ya fara zaton ɓarayi ne. Ni dai ina kwance na ji kamar a mafarki ana cewa, "Likita! Likita, kana ciki?" Na buɗe baki ba abin da ya fito. Na lalubo guntun katako na riƙa buga robar ruwan da sauran ƙarfina. Ya je ya kira mutane daga gonakin kusa, suka ɓalle ƙofar, suka ture teburin. Ina ganinsu a bakin ƙofar ɗakin, sun yi cirko-cirko, idanunsu ba a kaina suke ba, suna kan bango da ƙasa. Wani ya ja da baya yana neman tsari. Abin da na shekara ina gudu ke nan, ga shi ya same ni a mafi munin kama. Baba ya ratso su ya tattaka dabbobin ya durƙusa, ya ɗora kaina a cinyarsa bai damu da halin da nake ciki ba, ya juya ya daka musu tsawa: "Ku ɗauki mutum, ku bar kallon roba!" A kan ƙyauren da suka ɓalle aka ɗora ni, aka saka a amalanke zuwa gidan likita na gari, daga nan mota ta wuce da ni Maraɗi.

An yi mini aiki, amma likitoci sun ce daɗewar da na yi ta ɓata abubuwa da yawa. Na rayu, ƙafar ta warke a gajarce, har yau da sanda nake tafiya. Inna ta zo daga Cadawa ta bar ayarta a gona, ta riƙa kwana a tabarma ƙarƙashin gadona har watanni. Ba ta yi mini faɗa ba, na so ma a ce ta yi. Wata rana da Baba ya zo dubiya ya kawo ɗaya daga cikin dabbobin a aljihu don ta ga abin da ake ta magana a kai. Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ce ai wannan damo ne ya yi ƙiba, har Baba ya yi dariya. Bayan ya tafi sai ta tambaye ni ko ta taɓa gajiya da jiran maganata tun ina yaro. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa na ga gara in yi mata ƙarya da in ce mata ga abin da nake so.

A Cadakori kuwa labari ya bazu ya yi rassa. Wasu suka ce gumaka nake bauta wa, wasu suka ce abin da nake kiwo a ɗakin ne ya nemi jini ya kayar da ni. Kafin Baba ya gyara ƙofar an shiga an kwashi wasu an ƙone, yara sun wawashe wasu. Sauran kuwa Baba ne ya tattara a buhu ya kai rumbunsa, ya ce kayan mutum amana ne ko da bai gane kansu ba. Ya tsaya mini a gaban liman da mutanen gari, ya ce shekarun da na yi a gidansa bai taɓa ganin na bar salla ba. Malamar ta zo asibiti sau ɗaya, ita da gwaggonta. Na ɗauka maganar tsafi ce za ta raba mu, na shirya rantsuwa. Sai ta ce ita ba ta yarda da wannan shirme ba ko kaɗan, ita da take koya wa yara labarin waɗannan dabbobi a aji, da na nuna mata ma da ta roƙe ni aron su. Ta ce abin da ta kasa haɗiyewa shi ne, a kwanakin nan kullum sai ta kira ni, da ta ji shiru har ta fara tunanin ko ta yi mini laifi, ashe ina nan cikin gari, na dubi idonta na karɓi saƙon gaisuwa zuwa wurin da ban da niyyar zuwa. Ta ce ta riga ta binne miji ɗaya, ba za ta iya zama da wanda zai mutu a bayan ƙofa ba ta sani ba. Ta yi mini addu'a, ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ko a ranar sai da ta jira na gama abin da nake ƙoƙarin faɗa, duk da ba shi da wani amfani. Shekarar da ta biyo aka canza mata wurin aiki, na ji ta yi aure. Ina yi mata fatan alheri har zuciyata.

Da aka yi wa salulata caji na buɗe zauren nan na abokaina na nesa. Hira ta ci gaba kamar kullum, hotuna sun taru. A duk tsawon lokacin mutum ɗaya ne ya ambace ni, yana tambaya ko na gama haɗa babban. Ban ga laifinsu ba. Ko sun so nemana, ina za su nufa?

Da na samu sauƙi aka mayar da ni aikin buro kusa da gida, tunda ba na iya hawa moto in shiga daji. Na koma Cadakori kwashe kayana. Ina zaune a ƙofar gidan ana loda mota sai ga wata mata da ban sani ba, ta ajiye ƙwaryar fura a gabana ta durƙusa, ta rufe fuska da gyale tana kuka. Da ƙyar ta yi magana. Ta ce gonarsu tana bayan gidan, ta nan take bi da safe ta kai wa maigidanta abinci. Ta ce, "Likita, na ji ka. Wallahi na ji ka." Ta ji nishi yana fitowa daga gidan, ta tsaya, sai ta tuna an ce na yi tafiya, ta tuna abin da ake faɗa a kan gidan, ta ruga da gudu. Washegari ta sake ji, daga nan ta canza hanya, ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta yi gamo. Ta ce tun ranar da ta ga an fito da ni a kan ƙyaure ba ta sake barci mai daɗi ba. Na ce mata ta tashi, ba ta yi mini komai ba, ni na ce ba kowa a gidan, ita kuma ta gaskata ni. Na sha furar a gabanta don hankalinta ya kwanta.

Yanzu ina Cadawa. Allah ya ba ni zama da Inna a ƙarshen rayuwarta, ta rasu a hannuna, wannan kaɗai nake gode wa karayar nan a kai. Har yau ban yi aure ba, gidan ya yi mini faɗi, yamma takan yi tsawo. Ragowar dabbobin suna nan. Na je na tambayi malami abin da ya kamata in tambaya tun farko, ya yi mini bayani cikin mutunci, na ba wata lakol mafi yawansu don koyarwa, 'yan kaɗan da na bari kuma duk wanda ya shigo zai gan su. Wasu su yi dariya, wasu su yi tambaya, ba wanda ya taɓa gudu. Na gane dariyar da na ji tsoro ba ta kai ko kusa da abin da ɓoyon ya jawo mini ba.

Shi ya sa na rubuto. Na san akwai irina da yawa, masu wani abu da suke so wanda ba saɓo ba ne, ba cutar kowa ba ne, amma suna jin kunyarsa har ya zama katanga tsakaninsu da masu ƙaunarsu. Ɗan'uwa, ka so abinka, amma ka samu ko mutum ɗaya da zai san gaskiyar inda kake da abin da kake yi, kuma kada ka taɓa cewa ba ka nan alhali kana nan. Ku kuma maƙwabta, mai shiru ba lallai ne yana ƙin ku ba, wani bai san yadda zai fara ba ne. Idan kun ji nishi a gidan da aka ce ba kowa, ku tsaya ku yi sallama, ko daga nesa ne, ko kuna jin tsoro. Na cikin ba fahimtarku yake nema a lokacin ba, muryar mutum kawai yake so ya ji.